Ɗana ya zo na 5 a aji amma layi ɗaya ya gagare shi, in cire shi daga saito (sukul ɗin gwamnati) ko in bar shi?

Uwar Yara Uku:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Admin don Allah a sa mini wannan ba tare da sunana ba, akwai dangin maigida a nan kuma ban so magana ta riga ni isa gida.

Ni a Aboabo cikin Kumasi aka haife ni, aure ya kawo ni wajen Sawaba shekara 12 ke nan, muna haya ɗaki da falo, ina saida koko da ƙose da safe a bakin titi. Maigida direban babbar mota ne yana ɗaukan kaya daga Tema zuwa Wagadugu, wani lokaci sati uku ba mu sa shi a ido ba. Babban ɗana shekarar shi 10, ya gama aji 4 a sukul ɗin gwamnati da ke kusa da mu, nan baban shi ma ya yi, kuma tun farko surukata ce ta ce nan za a kai shi, ni lokacin ina da cikin na biyu ina fama da hawan jini har sai da aka kwantar da ni sati biyu, ƙafata ta kumbura ko takalmi ba ya shiga, sana'ar ma ƙanwar maigida ce ta riƙe mini kuma jarin ya karye a hannunta, to ban da ƙarfin yin musu da kowa. KG ɗin shi kuma ya faɗa cikin korona, aka rufe sukul tun Maris 2020 sai Janairu 2021.

Da aka ba da hutu ya kawo rifot, na 5 cikin yara 64. Na yi murna har na je kasuwar Kejetia na sayo mishi takalmi, na tura wa baban shi hoto. Sai ƙanwata ta zo daga Ankara babban birnin Ghana da 'yarta mai aji 2 a firabet a unguwar Madina, yarinya ta ɗauki littafin labari na Turanci tana zubawa kamar ruwa, na ce da nawa karɓi kai ma ka karanta wa antinka. Wallahi layi ɗaya ya gagare shi. Yana kallon hoto yana ƙirƙiro abin da zai faɗa. Na shiga ɗaki na yi kuka. Da na sake duba rifot ɗin da kyau Turanci 48, lissafi 55, Twi harshen Asante 31, da wannan ya zo na 5, to na 40 da na 60 fa me suka samu?

Ajin nasu kusan duka yaran Zongo ne. Maƙwabtanmu Asante duk sun kwashe nasu sun kai firabet. Akwai 'yan shekara 13 da 14 a aji 4, akwai waɗanda ake kawowa daga arewa a tsakiyar tam ba Hausa ba Twi ba Turanci, kuma na ji ana cewa a JHS ɗin sukul ɗin, wato ƙaramar sakandare, wanda ya fi kowa a BECE, jarabawar gama JHS, bara ya haura 20, ita kuma makin da ya fi ƙanƙanta shi ya fi kyau. Na tambaya a wata firabet sun ce sidi 700 a tam ban da littattafai da abinci, kuma sai sun gwada shi, wataƙila su mai da shi aji 3. Ƙanwata ta ce in ba ta shi ta tafi da shi Ankara. Baban shi ya ce shi ma nan ya yi kuma bai mutu ba. Satumba ta kusa, ban san ina zan sa kaina ba, ku ba ni shawara don Allah.

Maman Twins:
Wa alaikis salam 'yar'uwa. Cire shi yau ba gobe ba. Ko aji 2 suka ce ki yarda, gara ya koma baya ya iya da ya ci gaba da takarda fanko. Nawa biyu na cire su daga saito tam biyu kawai suka fara karatu.

Tsohon Ticha:
'Yata ki nutsu ki saurare ni, shekara 33 na yi ina riƙe alli a garin nan, Asawase da Tafo duk na koyar, na yi hedimasta kafin in ajiye aiki. Kada ki bi maganar cire shi yau ba gobe ba.

Matsayi a aji ba awon ilimi ba ne. Na 5 yana nufin ya fi yara 59 ɗin da suke zaune tare da shi, shi ke nan, bai ce miki ya iya karatu ba. Kuma abin da kika gani ba a kan ɗanki aka fara ba. An gwada yaran aji 2 a faɗin Ghana a 2013 aka sake a 2015, kusan 2 cikin 100 ne kawai suke karantawa sumul su gane abin da suka karanta, da yawa ko kalma ɗaya ba su iya fitarwa ba. Daga 2021 aka fara jarabawar ƙasa ta 'yan aji 4 a Turanci da lissafi saboda irin wannan, don a daina jira sai BECE sannan a gane yaro bai iya ba.

Sannan mu 'yan Zongo muna da ciwon da ya fi na kowa. Tsari ya ce daga KG zuwa aji 3 a fara wa yaro da harshen gida kafin a miƙa shi ga Turanci. Harsuna 11 gwamnati take buga littafi da su tana horar da ticha, Asante Twi, Akuapem Twi, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Gonja, Dagaare, Kasem. Ki duba ko kin ga Hausa a ciki. To ɗanki ya tashi da Hausa a baki, ya shiga aji ana mishi bayani da Twi, ana so ya rubuta da Turanci, da yamma yana biya da Larabci. Harshe huɗu a kan yaro ɗan shekara 6, kuma wanda ya fi iyawa a cikinsu shi ne ba a taɓa nuna mishi yadda ake rubuta shi ba. Wannan 31 ɗin na Twi daga nan ya fito.

Ki bar shi a saito ki nemo mai zama da shi awa ɗaya kullum ya fara mishi daga sautin haruffa. Wata huɗu za ki ga bambanci. Kuma ki sani kashi 30 cikin 100 na gurbin manyan sakandare irin su Prempeh da Opoku Ware da Yaa Asantewaa an ware wa yaran da suka fito daga JHS na gwamnati, masu kuɗi ma suna dawo da 'ya'yansu saito in sun kai JHS don su ci wannan, ke kuma kina so ki fita.

Uwar Yara Uku:
Na gode Baba, amma kashi 30 ɗin ai sai yaro ya ci ko? Wanda bai iya karanta tambaya ba ta ina zai shiga Prempeh. Kuma na taɓa sa shi ekstra kilas a sukul ɗin ina biyan sidi 2 kullum har tam biyu ban ga komai ba.

Tsohon Ticha:
Ekstra kilas da yara 50 a ɗaki ɗaya ci gaban aji ne kawai, ba shi nake nufi ba. Mutum ɗaya, yaro ɗaya ko biyu. Kuma ban ji kin ce kin zauna da madam ɗin da ke koyar da shi ba, me ta ce miki?

Hajiya Mai Waakye:
Hmm ni dai wannan kalma ta kyauta ita ke ƙona mini rai. Tun 2005 aka ce an cire kuɗin sukul gwamnati za ta riƙa biya wa kowane yaro, amma jikokina huɗu kowane tam kuɗin buga jarabawa, kuɗin PTA, kuɗin mai gadi, kuɗin rigar wasanni, yau a kawo tsintsiya gobe a kawo sabulu. In ka tambaya a ce kuɗin gwamnati bai sauko ba. Abincin ma da ake dafa musu wani satin a yi wani satin a ce mai dahuwa ba a biya ta ba, yara su dawo da yunwa su zauna mini a kan tukunya. Ranar da na je mitin na ɗaga hannu na yi magana wani ya ce mini Hajiya ki zauna ba ki gane ba. Tun ranar ban koma ba.

Ɗan Akwatia Line:
Hajiya gaskiya kika faɗa. Ni saito na yi, a benci ɗaya mu uku, kuma abin da ban manta ba shi ne tichan da ke ce mana ku 'yan Zongo ƙarshenku kwandasta ko gwangwan. Yau ina digiri na biyu. Anti yaronki ba daƙiƙi ba ne kada ki bari kowa ya sa mishi wannan a kai.

'Yar Tamale:
Ni abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda kika kawo maganar yaran arewa kamar su suka hana ɗanki karatu. Ni ma ina 'yar shekara 11 aka kawo ni Kumasi wajen gwaggona, aka sa ni aji 3 da ƙananan yara suna mini dariya, Dagbani kawai nake ji, da safe in yi wanke-wanken gida uku kafin in tafi. Ba mu zo don mu ja kowa baya ba. Yarinyar da kika gani 'yar 14 a aji 4 wataƙila ita ta roƙa da kuka aka sa ta, da yanzu tana ɗaukan kaya a kai a Kejetia. Zongo ma ai duka baƙi ne, kakanninki daga wani wuri suka zo.

Uwar Yara Uku:
Yi haƙuri 'yar'uwa wallahi ba haka nake nufi ba, kakata ta wajen uwa Bamoshiya ce, ban raina kowa ba. Abin da na gani na faɗa, in madam tana fama da wanda bai ji ko kalma ɗaya ba yaushe za ta juyo kan nawa. Shi ke nan fa.

Madam Aji Uku:
Bari in yi magana tunda aikina ake taɓawa. Ina koyarwa a saito a cikin Asokore Mampong, ba zan faɗi wanne ba. Rajistata ta wuce 70. A ciki akwai Hausa, Dagomba, Moshi, Busanga, Farafara, Kotokoli, Zabarmawa, Fulani, Asante ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma littafin da ke hannuna na Asante Twi ne. Ni na ci sa'a ina jin Hausa, in na ga sun ɓace sai in juya musu da ita a gane, abokiyar aikina ta aji 2 ba ta ji, me za ta yi? Sabon tsarin karatu ya zo 2019, mun daɗe muna koyarwa littattafan shi ba su iso ba. Ranar Juma'a rabin aji babu, bayan sallah sati guda babu, lokacin azumi suna barci a kan tebur. In ka kira iyaye mitin mutum 15 su zo. Kuma ba a so mu riƙe yaro ya maimaita aji sai da yardar iyaye, mu tura shi gaba da abin da ya samu. Ban ce ba mu da laifi ba, akwai tichan da ke zama a gindin bishiya da waya, na san su. Amma Anti tambayata ɗaya, ƙarfe nawa ɗanki yake isa sukul? Don yawancinmu karatu da Turanci muke fara yi da safe lokacin da kan yara yake sabo.

Uwar Yara Uku:
Yana taya ni kai bokitin koko da benci bakin titi, sai ya tsaya kaɗan in jama'a sun yi yawa don ni kaɗai ce ga goyo. Wajen takwas da rabi ya tafi, wani lokaci tara. Amma ba kullum ba ne kuma ba shi kaɗai ke makara ba.

Tsohon Ticha:
To ga maganar ta fito. Ana asambili kafin takwas, ke ɗanki tara. Awa ɗaya kullum, sati biyar ya zama awa 25, shekara nawa yana haka? Darasin da ake koyon karatu a cikin shi ne yake bari a bakin titi. Ki kai shi firabet ɗin sidi 700 ɗin yana isa ƙarfe tara ki ga ko za su yi sihiri. Wannan shi ne abin da na yi shekara 33 ina faɗa wa mutanenmu, mu ne kullum a sahun gaba wajen zagin gwamnati, amma suna da biki da ankon sallah ba sa wuce mu, littafin sidi 30 ne yake mana tsada.

Uwar Yara Uku:
Baba da girmanka amma wannan maganar ta yi mini zafi. Kokon nan shi ne cinmu shi ne kuɗin haya in baban su ya daɗe a hanya, ba anko nake saya da shi ba. Waye zai ɗaukar mini bokiti ƙarfe biyar da rabi? In ɗauki yarinya in biya ta da me? Kuma yaran da ke zuwa da wuri ɗin ai su ne a bayan shi, shi da ke makara ya zo na 5, to ashe matsalar ba makara ba ce.

Maman Twins:
Kin ga abin da nake faɗa. A firabet in yaro ya makara sau biyu za su kira ki a waya, a saito waye ya taɓa kiranki? Kuɗinki ne ke sa a ji tsoronki.

Malam Na Sabon Zongo:
Baiwar Allah yaron yana zuwa makaranta? Ina ya kai a allo?

Uwar Yara Uku:
Yana zuwa Malam, bayan la'asar da Asabar da Lahadi. Ya wuce izu 4 kuma yana biyawa da kyau, malaminsu har gaba yake sa shi.

Malam Na Sabon Zongo:
Alhamdulillah. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali ya fitar da kalma a Larabci kan shi lafiya lau yake, ya riga ya san sirrin karatu, ba a nuna mishi na boko ta wannan hanyar ba ne kawai. Mu ba mu wucewa da yaro sai ya biya wanda ke kan allon shi, su kuma tam na ƙarewa a tura kowa gaba. Shawarata ki nemi sukul ɗin gwamnati da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, tun 1987 aka kafa sashen, tichocin gwamnati ne babu kuɗin tam, ana Turanci ana Larabci a wuri ɗaya, kuma daga 2024 Larabci ya shiga BECE ga wanda ya zaɓa, abin da ya iya zai zama mishi maki. Sai ya huta da yamma ya samu lokacin bita. Ban yarda da kai shi Ankara ba, ɗan shekara 10 wajen uwar shi ya fi.

Ɗan Akwatia Line:
Malam wasu daga cikin waɗannan ɗin ma ajin ya fi na saito cika fa, ƙanena a can yake. Suna kawai ya bambanta.

Hajiya Mai Waakye:
Riƙo kam kada ki fara. Na ba da ɗiyata riƙo wajen 'yar'uwata uwa ɗaya uba ɗaya da sunan karatu, shekara uku tana wanke kwano, har yau ba ma gaisawa yadda ya kamata.

Uwar Yara Uku:
Hajiya ƙanwata ba haka take ba, ni na raine ta. Malam akwai irin sukul ɗin amma sai ya hau pragya, keken haya mai ƙafa uku, zuwa da dawowa, kuma hanyar babban titi ce ina tsoro.

Tsohon Ticha:
Ana ta kewaye. Bari in faɗa miki yadda lissafin yake tunda kin kawo maganar ya haura 20. A BECE kowane darasi daga 1 zuwa 9 ake ba da maki, 1 ya fi kyau, a haɗa manyan darussa huɗu da biyu mafi kyau cikin sauran, wanda ya share duka shi ne mai 6. Daga nan kwamfuta ta raba yara sakandare, tun 2005 haka ake yi, kuma tun Satumba 2017 sakandaren kyauta ce. Ɗanki yana da shekara biyar kafin ya zauna wannan jarabawa. Shekara biyar! Ba a makara ba ko kaɗan. Kuma kada ki auna sukul da sakamakon da kika ji a bakin titi, kina da hakki ki shiga ofis ki ce hedimasta ya nuna miki na shekara uku a jere, yara nawa suka zauna nawa suka samu gurbi, akwai ma taron da ake kira SPAM da aka tsara don a baje wa iyaye sakamako a gabansu. Firabet da yawa kuma da kuke yabo waɗanda suka gama sakandare jiya ne ke koyarwa, na saito su ne suka yi kwalejin horon malamai. Wasu firabet ɗin in sun ga yaro zai ɓata musu sakamako sai su ƙi yi mishi rajista da sunansu, shi ya sa allon tallarsu kullum ɗari bisa ɗari. Ki je ki ga madam, ki sake shi ƙarfe bakwai, ki samo ɗan sakandare a layinku ki riƙa ba shi wani abu. Ban da abin da zan ƙara.

Maman Twins:
Baba to naka jikokin ina suke, saito?

Tsohon Ticha:
Iyayensu ne suka zaɓa musu, ba ni ba. Nawa 'ya'yan biyar duka saito suka yi.

'Yar Tamale:
Madam Aji Uku don Allah in tambaye ki, yarinyar yayana aka kawo mini wata biyu ke nan shekara 12 ba ta da takardar haihuwa, za su karɓe ta a Satumba?

Madam Aji Uku:
Ki kawo ta, ki zo da katin awo ko na inshorar lafiya in akwai, ba ma korar yaro don takarda. Anti mai tambaya ke kuma in kin je ki nemi a nuna miki littafin aikin shi na aji ba rifot ba, a nan za ki ga gaskiya.

Uwar Yara Uku:
Na gode muku duka Allah ya saka. Madam ɗin shi na taɓa zuwa sau ɗaya tun yana aji 3 aka ce ta fita, kuma gaskiya in na shiga ofis suna Turanci da Twi sai in ji bakina ya mutu shi ya sa ban koma ba. Maganar ƙarfe bakwai zan gani amma ban yi alkawari ba sai na samu mai taya ni. Jiya na ƙirga abin da ke adashina zai kai tam ɗaya a firabet, na biyu ne ban sani ba, ga ƙanin shi zai shiga KG bana shi ma ban san ina zan kai shi ba. Ƙanwata jibi za ta koma kuma ta ce in gaya mata kafin ta yanki tikiti. Baban su na kira tun safe wayar ba ta shiga, ina jin sun tsallaka iyaka a Paga.

Malam Na Sabon Zongo:
Kada ki ba da yaro uban shi bai sani ba.

Maman Twins:
Wace firabet ce ta ce 700? Tamu ta fi haka, turo mini sunan ta inbos in tambaya miki.